Rasuwar Malama Mai Fanka a Cikin Randa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, amma kada wanda ya gyara baki don dariya. Yau sanarwa ce.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komi, iyalan marigayi Malam Gide Maƙeri na garin Ƙanƙara suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Faskari da Sabuwa, da na 'Yargoje da Ketare, rasuwar kwamfutar ɗansu Muttaka mai walda, wadda aka fi sani da Malama Mai Fanka. An tabbatar da rasuwarta ranar Laraba da azahar a garin Sabuwa, bayan jinya ta kwana biyu. Shekarunta Allah kaɗai Ya sani, amma huɗu daga ciki a gidan nan ta yi su, ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Marigayiya ba 'yar garin nan ba ce. Wani ɗan bautar ƙasa da ya karanci zanen gine-gine ne ya zo da ita, ta riga ta sha hannu, haruffa biyu sun goge a jikinta, gefe guda an ɗaure shi da salatif. Ya kawo gyaran ƙafar gado rumfar Muttaka, yana zaman jira ya buɗe ta, ya nuna mashi yadda ake jan layi a fuskarta, a ba layin tsawo, a ba shi kauri, sannan a yi ta juya shi ta ko'ina kamar mai duba rago a kasuwa. Ƙafar gado dai sai da ta yi sati uku ba a gyara ba. Da baƙon zai koma garinsu, ya bar mashi ita.

Goggo Barakatu, ƙanwar mahaifin Muttaka, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, ita ta raɗa mata suna. Ta ce yaron da ya tsere wa lissafi a makaranta, yau ga shi ya tanƙwashe ƙafa gaban wani faranti yana cewa “to, to, na gane,” ai wannan ba ta da suna sai Malama. Mai Fanka kuwa daga numfashinta ne. In an tashe ta da safe takan ce “tilin-lin,” in aiki ya yi nauyi ta kama “fuuuu,” har kajin gidan suka saba suka daina gudu.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Muttaka zai yi kuskure sau ashirin, sau ashirin ta maida shi baya inda ya ɓata, ba gori, ba tsaki. Ba ta da mantuwa. Awon da aka ba ta bara, in ka tambaye ta bana, haka za ta miƙo maka shi ko ƙwayar gero bai ragu ba. Kuma tsawon zamanta ba ta taɓa zana abu mai rai ba. A kan wannan akwai shaidar liman da kanshi. Lokacin da magana ta zaga gari cewa ɗan Malam Gide ya bar ƙera ƙofofi ya koma ƙera gunki, Malam Mani limamin unguwa ya ɗauko sandarshi da tabarau ya zo har rumfa.

“Juya mani shi in gani,” in ji Malam.

Muttaka ya sa yatsa, siffar da ke fuskar Malama ta juya.

“Ina kan?”

“Ba shi da kai, Allah gafarta Malam.”

“Ƙafa fa?”

“Babu.”

“To mi ne ne shi?”

“Siffa ce kawai, Malam. Kusurwa ce bisa kusurwa.”

Malam ya cire tabarau ya goge ya maida. “Abin da bai yi kama da komi ba, ba ni da ta cewa a kanshi. Sai dai ka ji tsoron Allah ka gama mani tagar masallaci.”

Wannan siffa ita ce aikin da suka shekara biyu suna yi, shi da ita. Fallen ƙarfe sittin da uku, kowane mai kusurwa uku, kuma babu biyun da suka zo daidai da juna. In an haɗa su, abin zai miƙe ya wuce tsawon mutum, ya murɗe kamar zai faɗi amma ba zai faɗi ba, rana ta ratsa ta tsakaninshi ta zubar da inuwa kala-kala a ƙasa. Malama ce ta san awon kowane falle, ita ta san wane gefe ke sumbatar wanne. Muttaka yakan karanto awo daga fuskarta, ya shata da alli, ya yanka, sannan ya rubuta lamba da allin a kowane gefe don kada su rikice ranar walda. 'Yan majalisar bakin titi kuwa ba su bar shi ya sha ruwa ba. Kullum ya wuce sai an ɗaga murya: “Injiniya! Yaushe jirgin namu zai tashi? A ajiye mani kujerar gaba!” Shi dai sai ya yi murmushi. Ya san abin da ya taka. Masu shirya wani baje kolin aikin hannu a Katsina sun ga hoton siffar sun ce a kawo, mota za ta biyo ta ɗauka ranar Alhamis. An gama yanka duka sittin da uku, an jera su bayan rumfa, walda kaɗai ta rage, aikin kwana uku. Ranar Alhamis ɗin nan Muttaka yake jira, ranar da Ƙanƙara za ta ga cewa ba taɓuwa ya yi ba.

Ciwon marigayiya na asali shi ne zafi. Da bazara ta kama, jikinta kan yi zafi rau kamar kaskon tuya, fanka ta yi ta haki, sai ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Muttaka ya duba gidan kaf, bai ga wuri mai sanyi kamar bakin randar Goggo ba, tsohuwar randa mai faɗin baki da ke kusurwar ɗakinta. Ya samo wani katako a bayan ƙofa ya gicciya a bakin randar, ya ɗora Malama. Wallahi kamar an ba mai zazzaɓi magani. Numfashinta ya daidaita. Tun daga ranar nan ya zama mazauninta, in Goggo za ta sha ruwa sai ta ce, “Malama, a ɗan ɗaga mani, ƙishi nake ji,” ta ɗauke ta da hannu biyu, ta ɗebi ruwa, ta maida ta.

Abin da Muttaka bai taɓa tambaya ba shi ne aikin mi katakon nan yake yi a bayan ƙofa.

Ranar Litinin bayan la'asar ya dawo gida cin abinci, ya ɗora ta bisa randa a kunne tana hutawa. Sai gabas ta haɗe. Iska ta taso, ƙamshin ƙasa ya bugo, ruwan farko na bana ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki hamdala, manoma na leƙen sama suna dariya. Muttaka ya tuna ƙarafunshi na waje, ya bar tuwo a kwano ya zura da gudu. Kafin ya kai, ruwa ya wanke su tas. Fallaye sittin da uku suna ta ƙyalli, ko ɗigon alli babu a jikin ɗaya. Ya tsaya cikin ruwa ya dafe kai, sannan ya yi dariya ya ce, “Ba komi. Duk suna wurin Malama.”

A daidai lokacin ruwan tsakar gida ya nufo ɗakin Goggo. Shekara talatin, duk damina, da katakon nan take tare bakin ƙofarta. Ba ta yi garaje ba, Allah shi ne shaida. Ta ɗauke Malama da hannu biyu, ta zare katako, ta ɗauko faifan da ta saƙa da hannunta, sabo fil, ta rufe randa, ta yi bisimilla ta ɗora ta a kai. Ta juya ta tare ƙofa. Faifai kuwa an yi shi ne don ya ɗauki moɗa. Ya lotsa a hankali, Malama ta karkata, ta shige ta gefe.

Tsundum.

Muttaka ya shigo jiƙe sharkaf ya tarar da Goggo durƙushe, hannunta cikin randa har kafaɗa, tana salati. Ya karɓi Malama ruwa na zuba ta kowace kafa. Da ya bar ta ta bushe, wataƙila da yanzu wani labarin ake. Amma zuciya ba ta da haƙuri. Ya danna makunni. Ta buɗe ido sau ɗaya, fari fat. Fanka ta ce “fur, fur.” Wani abu a ciki ya ce “tas.” Ƙauri ya tashi. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

An yi mata duk abin da ake yi. Ta kwana cikin buhun gero. Da safe aka shanya ta bisa rufi kamar kuɓewa. Da bai yi ba, Muttaka ya naɗe ta cikin zanen Goggo ya hau mota zuwa Faskari wurin Adnan mai gyaran waya. Adnan ya buɗe cikinta, ya goge da buroshi, ya sunsuna, ya ɗago kai.

“Maigida, halan kunna ta ka yi da ruwa a jiki?”

Muttaka ya dubi ƙasa.

“Kash. Wanga ya fi ƙarfina. Ka tafi Sabuwa wurin Badamasi, in bai iya ba, babu mai iyawa a nan kusa.”

Kun san yadda hanya take a wannan zamani, ba a bin ta don marmari. Haka ya bi ta ranar Laraba, Malama bisa cinya. Badamasi dattijo ne mai sanyin hannu. Ya ciro ma'ajiyar da ke cikinta, 'yar aba kamar faskaren kara, ya soka a wata kwamfutar. Shiru. Ya sake a wata. Shiru. Aka kira azahar suka je suka dawo, ya sake gwadawa. Sannan ya naɗe ta da kanshi cikin zanen, ya miƙa da hannu biyu ya ce, “Sai haƙuri, ɗan'uwa. Ta tafi da abin da ta sani.”

Masu tambaya ko ba a ajiye aikin a wani wuri ba, a daina tambaya, ana fama ciwo. An ajiye a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi aiki a ciki. Filas ɗin Mas'ud abokin Muttaka ya ara lokacin bikin ƙanwarshi, mai saka waƙa ya share komi ya cika shi da kiɗan biki.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗauri uku, da maus mai wutsiya, da jaka marar zif, da filas ɗin da aka ambata, wanda ba a son ganinshi a wurin zaman makoki. Ta bar marayu sittin da uku a bayan rumfa, ba wanda ya san ɗan'uwanshi. Ta bar Muttaka. Ta bar Goggo Barakatu, wadda tun ranar ba ta sha ruwan randar nan ba sai na maƙwabta. Har yau gardama ɗaya ake a gidan. Goggo ta ce, “Ni na zare katako, ɗan nan.” Muttaka ya ce, “Ni na kunna ta, Goggo.” Ta ce, “Rufe mani baki, laifina ne.” Ya ce, “Ai ba ki isa ki ƙwace mani ba.” Sai kowa ya juya baya yana share ido.

Ba za a yi mata salla ba, Malam Mani ya ce kada ma a fara. Za a naɗe ta cikin zanen da ta yi jinya a ciki, ranar Asabar da hantsi a sa ta cikin adakar marigayi Malam Gide, kusa da guduma da awartakinshi, a rufe. Ana karɓar gaisuwa a rumfar walda daga safe zuwa la'asar. Mata su shiga wurin Goggo, amma kada a nemi ruwan sha. 'Yan majalisa, ana roƙonku, wanda zai zo ya zo da “sannu” kaɗai, a bar maganar jirgi a gida.

Sanarwar ke nan, ga kuma yadda aka ƙare. Motar Katsina ta zo ranar Alhamis, ta yi oda sau biyu a bakin rumfa, ta wuce da kayan wasu. Adnan ya karɓi fankar marigayiya yana fifita wayoyi da ita. Mas'ud ya ba da haƙuri, an haƙura. Malam Mani ya samu tagarshi. Muttaka ya koma ƙera ƙofofi, amma kullum bayan la'asar yakan zauna bayan rumfa ya ɗauki falle ya kara da falle, Goggo na gefe bisa tabarma tana cewa ita dai kamar ta ga wancan dogon a sama lokacin da abin ke juyawa. Cikin wata guda sun haɗa tara. Na goma ya ƙi. Ɗaya daga cikin sauran, mafi faɗi, Muttaka ya kai shi gida ya rufe bakin randa da shi, ya zauna daram.