Ranar da Na Bi 'Yan Bugun Shadda

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na kai Rahama wurin kiɗa ba. 'Yata ce, shekararta goma sha biyar, ba ta magana, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa kallona cikin ido ba. Uwarta ce ke kai ta wata cibiya a Tarauni, inda ake ba yara irinta ganga su buga tare da iyayensu. Ran nan zazzaɓi ya kwantar da uwar, sai ni.

Ni mutum ne mai tsari, shekara ashirin na yi ina tsaron sito a ma'aikata. Mun bar Gyaɗi-Gyaɗi bakwai da rabi, mun sauka daga adaidaita takwas saura biyar. Ni kaɗai ne namiji a cikin iyayen.

Malamar cibiyar ta miƙo mini ganga ta ce, "Baba, kada ka ja ta, ka bi ta. In kuka jima kuna bugawa tare, ƙwaƙwalwarka da tata sukan soma tafiya ɗaya. A nan ne take jin ana sauraronta."

Na ce na gane. (Ban gane ba.) Rahama ta buga biyu, ta tsaya, ta buga biyar a guje. Na ce, "Ɗaya, biyu, uku ake yi." Ta janye hannu. Malama ta ce in rufe ido in saurara kawai.

Na rufe. Can sai na ji bugu: dum-dum, dum-dum, babu gargada ko ɗaya. Na ce a raina, yawwa, jinina ce. Na bi, na ƙara ƙarfi, har da kafaɗa (ni da ko a bikina ban taka rawa ba). Hula ta karkace.

Da na buɗe ido, ba mai bugawa sai ni. Gangar Rahama tana ƙasa. Wata Hajiya ta toshe baki da mayafi, tana danne dariya.

"Baba," in ji malama a hankali, "'yan bugun shadda ne a bayan katanga."

Gumi ya keto mini. Ina laluben takalmina sai na ji dariya, ta Rahama. Ni take kallo, cikin ido. Ta ɗauki gangar ta buga ɗaya, ta jira. Na buga ɗaya. Ta buga uku a karkace, na mayar mata da uku a karkace.

Tun daga ranar ni ke kai ta. Dokata ta farko yanzu ita ce: in na ji kiɗa yana tafiya daidai, ba 'yata ba ce, in buɗe ido.