Yadda Ake Jinyar Agogon Saba Ba Tare da Ya Warke Ba

Matso nan, ɗan nan, kai da aka damƙa wa saba, uwar kwamfutocin ofis. Agogonta ya ja baya, na'urar dangwala yatsa kuma a wurinta take jin lokaci, sai duk mai makara ya zama mai sammako, har da kai. Manaja ya ce a gyara. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin aikinka zai tsira, barcin safenka ma haka. A bakin jikana na koya, sana'arsa ce.

1. Ɓata rai
Shiga ɗakin nan mai sanyi, ka tsaya gaban saba kana girgiza kai kamar mai gaida marar lafiya. Mai fara'a ba a yarda aikinsa na da wuya.

2. San ciwon, ka ɓoye shi
Saba ba ta san lokaci da kanta ba, tambaya take yi wurin wata babbar saba a waje. Katangar tsaro, manhajar da ke gadin kwamfutocin, ita ce ta toshe ƙofar tambayar. Ka gani? To, kau da kai.

3. Nemo mai laifi
Ɗora laifin kan ɗan batirin nan na cikin saba, mai kamar maɓallin riga. Ba shi da baki, ba shi da dangi. In Manaja ya matsa, ce masa ana kan bincike, ranka ya daɗe.

4. Karɓi addu'a
Akanta zai ce Allah ya ƙara basira. Sakatariya, wadda ke kai 'ya'yanta makaranta kafin ta zo, har shayi za ta haɗa maka. Sha, halak ɗinka ne.

5. Ji tsoron yamma
Agogon da ya jinkirta shigowa zai jinkirta tashi. Masu sa maka albarka da safe su ne masu harararka da yamma. Jikana ya ga zai faranta wa kowa, da safe ya ja agogo baya, da rana ya tura shi gaba, har ya zarce. Rannan Manaja ya kira shi ya ce: "Malam, na'ura ta ce yau tun safe nake nan, amma sai gobe na tashi. A ina na kwana?"

Ni dai tsohuwa ce, inuwa nake dubawa in san lokaci. In ta kwaɓe maka, ban san ka ba. Amma kana iya zuwa ka tambayi jikana. Kullum yana gida yanzu, sai dai kada ka zo da safe.