Watandar Haske a Angwan Iya

"Lafiya lau, amaryata mai haƙori uku," in ji Akram daga kan tsani, yana ɗaura wani ɗan akwati a jikin falwayar ƙofar gidan kakarsa.

Hajiya Huraira ba gaisuwa ce ta fito da ita ba. Shekara shida rabonta da autarta Hamdiya, mai aikin jinya a Kanada. In sun yi kiran bidiyo, fuska ta daskare, murya ta tsinke, tsohuwa ta wuni kewa na cin ta. To da jikan nan nata mai aikin jan wayar intanet ya ce yau zai haɗa mata, ai sai zama ya gagare ta.

"Huɗu ne, makaho! Miji kamar sillen kara, iska ta kaɗo ka in yi takabar banza. Wannan wayar mai kama da gashin jelar saniya ce za ta kawo min 'yata?"

"Gilashi ne, Hajiya. Haske ke gudu a ciki, ɗauke da murya da hoto."

"To wayoyin da suka fito daga akwatin kamar ƙafafun gizo-gizo fa?"

"Ɗaya ce ta shiga. A ciki an narka gilashin an haɗe, sai hasken ya rabu takwas. Ga taki, ga ta maƙwabcinki Malam Natan, ga ta Filomina mai ɗinki..."

"Tsaya! Watanda za ku yi da 'yata? Ni in tashi da kunne, Filomina ta tashi da hanci?"

"Hancin ai irin naki ne, ko kyauta ba mai ɗauka."

"Da shi kakanka ya gan ni ya tako daga Garaku a ƙafa. Kai wa ta taɓa tsallaka maka ko kwata?"

"Allah sarki, ashe shi ma tun yana saurayi ba ya gani! Ƙarfin hasken ne ke raguwa, Hajiya, saƙon ba ya guntulewa. Kuma na'urar ɗakinki kaɗai ke iya buɗe naki."

"Yana raguwa, ka ce?" Ta gyara mayafi. "To ka ba ni kaso biyu, Akram. Idona ya fara tafiya. So nake in gan ta sosai tun ina iyawa."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Ya sauko ya ja wayar har ɗaki.

Bayan la'asar suka kira. Sai ga Hamdiya tar, har motsin leɓenta. Huraira ta kai fuska dab da wayar hannu, ta daɗe tana kallo. A gefen ɗankwalin autarta ga furfura nan sili-sili, wadda dishi-dishin hoto ya ɓoye mata shekara da shekaru.

"Auta, yaushe kika tsufa ban sani ba?"

"Inna, kina gani na?"

"Har abin da ban nema ba na gani."

Ta share ido da bakin mayafi, ta jawo kwanon dambun naman da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado, ta tura wa Akram ba tare da ta ɗauke ido daga wayar ba. Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Ka ci, maigida, yau ka yi nasara. Ɗauki ka fita, ka bar ni da 'yata."