Gaisuwar da ta cinye min jirgi

Da muka je Sin sarin kaya, na rantse a cikin jirgin ƙasansu mai shawagi kan maganaɗisu zan roƙi Zulai ta waya ta aure ni. Jirgi ba ya taɓa ƙasa, ni ma haka! Kalamaina na haddace tsaf, har da taurari.

Muna tashi na kira wayarta a Tarauni. Mahaifiyarta ta ɗauka.

"Ɗan nan! Ya hanya? Ya mutanen Gyadi-Gyadi? Ga Inna, ku gaisa."

Na durƙusa tsakiyar jirgi, Sinawa suna kallona. Kafin wayar ta kai hannun Zulai, mun isa.

Yanzu matata ce. In na fara yabon gudun jirgin, sai ta ce, "Wane gudu ka gani, Malam, kai da ka yi tafiyar a durƙushe?"