Rasuwar Clarrie, Jirgin Noeline Hartwig

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba, Noeline Hartwig ta gonar shanun da ke yamma da Windorah tana sanar da rasuwar Clarrie, ƙaramin jirginta na sama mai kujera huɗu. Ya cika ranar Talata da hantsi a rumfar jirage ta Charleville yana da shekara hamsin da biyu, bayan wata bakwai kacal a hannunta.

Marigayin mai haƙuri ne. Da safe yakan yi tari sau biyu, guf, guf, sannan ya kama gurnani. Shi ke kai mijinta Merv wankin ƙoda cikin awa biyu, tafiyar awa shida a mota, in ma ruwa bai datse hanya ba.

Ta saye shi dala dubu sittin da biyar a wajen maƙwabcinsu Des Kealy, abokin Merv tun firamare. Ta so a buɗe fukafukan a duba kafin ta biya, aikin dala dubu huɗu, sai Des ya yi dariya. "Haba Noels, ni zan cuce ku? Jikokina fa nake ɗauka a ciki." Kunya ta kama ta, ta biya.

Ciwon ajali ya bayyana ne ranar binciken lafiyarsa na shekara-shekara. Makanike ya zura fitila da madubi cikin fiffiken hagu. Tsatsa ta cinye ƙarfen da ke riƙe da fiffiken, kuma wani ya riga ya gan ta, domin an shafe wurin da fenti. Gyara dala dubu casa'in. Ta roƙi a bar ta ko gida ta mayar da shi, makaniken ya ce shi ba zai sa hannu a takardar mutuwarta ba. Des ya ce shi bai san komai ba, ya daina ɗaga waya.

Marigayin ya bar inji mai ƙoshin lafiya, da bashin banki, da Merv, wanda yanzu ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya kusa da asibiti.

Za a kwance fukafukan ranar Asabar da ƙarfe tara, a ɗora gawar a tirela zuwa wajen mai sayen tsofaffin ƙarafa. Akwai shayi da biskit. Ba a buƙatar furanni. Duk mai mota mai ƙarfi da zai iya kai Noeline wajen mijinta idan damina ta sauka, ya yi mata waya.