Rasuwar Mai-Kunne a Gonar Malam Shitu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, iyalan Lukman Tajuddeen na Rano suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Mai-Kunne, na'urarsa ta binciken ƙarƙashin ƙasa, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Litinin tsakanin azahar da la'asar, a wata unguwa gabas da Durba. Shekararta shida a hannunsa. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ba kuma jinya ta yi ba. Galma ce.

Marigayiyar mai kawaici ce, ba ta taɓa ɗaga wa ƙasa murya ba. Saurare kawai take yi. Tsawar da ake yi a can wata uwa duniya, da abin da rana ke hurowa, suna girgiza maganaɗisun duniya, girgizar ta ratsa ƙasa ta zama ɗan lantarkin da ko tururuwa ba ta ji. Busasshen dutse ya tare shi, dutse mai tsaga da ruwa a ciki ya ba shi hanya. Wannan raɗar ita Mai-Kunne ke ji. Kunnen nata wata doguwar sanda ce mai naɗin tagulla a ciki. Lukman kan naɗe ta a baƙar leda ya binne a rami mai zurfin kamu ɗaya, ta miƙe daga kudu zuwa arewa, don kada iska ta kaɗa ta ta jiyo ƙarya. Sai akwatinta ya fara: ƙit, ƙit, ƙit. In ta gama ta ce tiii, sau ɗaya, kamar mai sallama a gidan surukai.

Lukman ya so ta tun bai iya tsayuwa gaban budurwa ba. Ya goya ta a babur daga Rurum Tsohon Gari har Dawaki, ruwa ya taɓa dukansu ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta. Rijiyoyin burtsatse goma sha ɗaya ta nuna a wannan ƙasa tamu mai duwatsu, tara suna ba da ruwa har yau. Biyun da suka ƙi, shi ya ɗauki laifin, bai bari an ambaci sunanta ba.

Unguwar da ajali ya kira ta, sau uku ana haƙa musu burtsatse ana tarar da ƙura. Ƙungiyar 'yan asalin garin ta ce na huɗun nan shi ne na ƙarshe. 'Yan matan unguwar kuwa, ciki har da uku na Malam Shitu, sai rana ta take suke dawowa daga rafi, wuya a sanƙare. Lukman ya yi sallama da mai unguwa, ya auna wuri biyu, a na uku ya binne kunnen a bakin gonar Malam Shitu, ya ajiye akwatin a gindin ɗorawa, ya tafi masallaci. Mai unguwa ya manta bai gaya wa mai gona ba.

Shi kuwa Malam Shitu, damina biyu geronsa bai yi ba, ya daɗe yana zargin an yi masa binne. Ya zo ya tarar da sabuwar ƙasa a kan iyakarsa, ya tona, sai ga dogon abu a baƙar leda, an kwantar da shi kamar gawa, ga jar waya ta fito daga kansa. Bai tambayi kowa ba. Bai jira a idar da salla ba, raka'a huɗu kacal! Ya yi mata abin da ake yi wa asiri in an tono shi, wanda alƙalami ke jin kunyar rubutawa, ya bi waya har gindin ɗorawa, ya sauke galma sau uku, ya tara kara ya cinna wuta. Waɗanda ke kusa sun ce tana ƙit, ƙit har bugu na biyu. Ba ta samu ta yi sallamarta ba.

Da aka tsayar da shi gaban mai unguwa, abin da ya iya faɗa shi ne: "Ranka ya daɗe, in na kirki ce me ya kai ta kwanciya irin ta mamaci a gonar mutane?" Lukman, wanda bai taɓa ɗaga ido ya dubi babba ba, ya ce: "Baba, ruwan 'ya'yanka take nema." Daga nan ya koma ya tsince tagullarta daga cikin toka.

Ta rasu ta bar turakun ƙarfe huɗu, da naɗin waya biyu, ɗaya da ƙuna, da batir wanda bai san an yi ba har yanzu. Ta kuma bar ɗan katin da take ajiye abin da ta ji, wanda wuta ta tsallake. A cikinsa wasiyyarta take. Wuri biyar aka so ta saurara, uku ta samu, na ukun kuwa ya nuna tsaga mai laima wajen mita sittin, daidai ƙarƙashin gonar wanda ya kashe ta. Rabin magana ce, Lukman ya sani. Kwana biyu yana juya ta, babu wadda zai sake tambaya. Jiya ya sa hannu da sunansa a takardar da ta ce a haƙa a nan.

Iyalai ba sa karɓar gaisuwar "ai ƙarfe ne". Mai wannan ta'aziyyar ya riƙe abarsa.

Ba za a yi mata salla ba, tunda ba a ɗora mata ba. Za a binne abin da ya rage ranar Alhamis da hantsi, a bakin gonar Malam Shitu, wanda zaman mai unguwa ya sa ya ba da filin, kuma shi zai fara sara da galmar nan tasa. Daga gefen kabarin motar haƙa za ta ɗora, har mita sittin. Lukman zai tsaya a wurin, ko ƙura ta fito ko laka.

Masu zuwa jana'iza, kowa ya taho da bokitinsa.