Rasuwar Jakar Ungozoma a Cikin Injin Wanki

Da zuciya cike da baƙin ciki, da baki cike da maganganun da ba su dace a rubuta ba, iyalan tsohuwar ungozoma ta gida mai jan ƙofa suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda aka karɓi haihuwarsa a ƙaramin asibitin bayan tasha, rasuwar jakarta ta fata. Marigayiyar ta cika ranar Talata da rana tsaka, tana da shekara talatin da uku a duniya. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi a cikin gida, kuma wadda ta kashe ta tana nan ana zuba mata abinci.

Ga wanda bai san ta ba, jaka ce mai ruwan ƙasa, madaurinta ɗaya, makullinta na tagulla. Ungozoma ba tsintar ta ta yi ba. Sati uku tana zagaya kasuwa, ta ɗaga wannan ta shinshina, ta ja ɗinkin waccan ta ajiye, har masu shaguna suka riƙa ɓuya in sun hango farin takalminta. Haka Allah ya yi ta, ba ta shigar da abu ɗakinta sai ta tabbata za su tsufa tare. Je ku buɗe akwatinta yau, zannuwa bakwai za ku tarar, kowanne ta san ranar da ya shigo da abin da ya kawo shi.

Marigayiyar ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da uwargijiyarta shekara ashirin da shida, ba ta taɓa neman hutu ba. Ta ɗauki almakashi da safar hannu da zare da tocila. Ruwan sama ya dake ta, ba ta bari ko auduga ta jiƙe ba. Ta zama matashin kai a kan bencin asibiti. Mata masu naƙuda sun damƙi madaurinta sun ja iya ƙarfinsu, matar mai gyaran rediyo ma cizo ta gantsara mata ranar da ta haifi tagwaye, shatin haƙoran yana nan har ranar ajali. Ba mai yawan magana ba ce. In an rataya ta, ta ce ƙiiƙ. In an rufe ta, ta ce ƙyas. Wannan ƙyas ɗin kuwa, duk mijin da ke safa da marwa a baranda ya san fassararsa: an sauka lafiya, a je a zauna.

Ita ma an riƙe ta da mutunci. Gindinta bai taɓa taɓa ƙasa ba. Duk farkon wata Ungozoma takan zauna da tsumma da ɗan kwalbar mai, ta murza ta lungu-lungu har ta yi duhu tana sheƙi. Sau ɗaya a shekara a kai ta wurin likitanta, Baduku na bakin kasuwa. Ya sauya mata zare sau uku, shafin ciki sau ɗaya. Makullin bai taɓa neman ko duba ba.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne da akwati biyu, don kwana goma kacal. Autar Ungozoma ce ta zo hutu daga aikinta na ofis. Yarinyar kirki ce, wannan ba wanda ya musa, amma irin mutanen nan ne masu sayen tufafi ta waya. A kawo mata riga a kan babur, ta sa sau biyu, maɓalli ya fita, ta cusa ta ƙasan gado ta latso wata. Tun ranar da ta iso ta tsaya tana kallon marigayiya a rataye, tana yatsine fuska.

"Mama, wannan abin ai ya yi dauɗa."

"Ba dauɗa ba ce," in ji Ungozoma. "Hannuna ne."

Auta ta yi dariya, ta ɗauka wasan tsofaffi ne.

Ranar Talata Ungozoma ta sha maganin hawan jini ta ɗan kishingiɗa. Auta ta lallaɓa ta sauke jaka, ta jera kayan cikinta a kan tebur tsaf, don a san ita mai tsari ce. Sannan ta jefa marigayiya cikin injin wanki, ta murɗa zuwa ruwan zafi, ta zuba garin sabulu, ta ƙara da ruwan cire tabo cikin murfi biyu. Ta ce so take ta ba uwarta mamaki. To, ta ba ta.

Kalaman marigayiya na ƙarshe su ne gum, gum, gum, makullinta yana dukan cikin inji yana neman agaji. Ungozoma ta ji cikin barci, ta zaci kafinta maƙwabcinsu ne, ta juya ta gyara kwanciya. Wannan juyin shi ne abin da ya hana ta sukuni har yau. Minti arba'in ana dafa baiwar Allah. Da ta fito fari fat, sai Auta ta tsorata, ta ɗauko na'urar busar da gashi ta bi ta da iska mai zafi. Nan ta ƙanƙance, ta sandare, ta tsattsage. Madaurin da mata ɗari suka ja bai tsinke ba, ya karye kamar busasshen kara.

An garzaya da ita wurin Baduku. Ya juya ta, ya cire tabarau, ya mayar.

"Inna, wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Wadda na haifa."

"Da wuƙa aka sa mata, da na ɗinke. Wannan kuwa ba na da allurarta."

Iyalai suna so a sani cewa bayan kisa an ƙara da cin fuska. Washegari babur ya tsaya a ƙofar gida da jakunkuna uku masu ƙyalli, masu sarƙa ruwan zinariya, suna warin sabon bokiti. "Mama ki zaɓa, ko ki riƙe duka," in ji Auta. Duka! Kamar wadda aka fasa wa kofi. Zif ɗin ɗaya ya maƙale tun kafin a gama cire ta daga kwali. Wai waɗannan ne za su gaji mai shekara talatin da uku? Abubuwan da tun a masana'anta aka yanka musu ranar mutuwa, su ɓare kamar fatar albasa kafin wata shida, a zubar a sayo wasu, a kira wannan ci gaba? Ba a karɓe su a matsayin magada ba. Suna bayan ƙofa, fuskarsu na kallon bango.

Tun daga ranar Ungozoma ba ta ce wa Auta uffan ba. In ta gaishe ta, sai ta dubi silin. In saƙo ya kama, bango take faɗa wa: "A gaya wa mai inji ta rage wutar murhu." Auta ta yi kuka a kicin har idanunta sun kumbura. Ga shi ranar Lahadi hutunta zai ƙare, alhali ba ɗan da ya taɓa fita daga gidan nan da akwati ba tare da uwar ta dafa kansa ta sa masa albarka ba. Kowa ya ba da baki. Ungozoma ta ce wanda bai iya bambanta dauɗa da hannun uwarsa ba, me zai yi da hannun a kansa?

Marigayiyar ta rasu ta bar almakashi ɗaya, gidan tabarau, da lema, dukkansu yanzu suna zaman maraici a kan tebur. Ta bar ƙusa a bayan ƙofa ba abin rataya. Ta bar kafaɗar hagu ta Ungozoma, wadda ta ɗan fi ta dama sauka saboda zaman tare. Ta kuma bar ƙanwa ɗaya, wato Auta, don marigayiyar ta girme ta da shekara biyu cur.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe. Ba za a kai ta juji ba, wanda ya kawo wannan shawarar ma an gane shi. Gawa za ta tashi daga gida zuwa rumfar Baduku, a ƙafa, ba a mota ba. Ya ce akwai fata kamar tafin hannu a ƙarƙashin marfi da ta tsira, da ita da makulli za a fitar da ɗan abin zuba mabuɗai. Auta ce za ta ɗauki gawa, ita ce kuma za ta zauna a benci ta warware ɗinkin da hannunta, zare bayan zare, Baduku yana tsaye a kanta. Masu zuwa ta'aziyya su zo hannu rabbana. Duk wanda ya kawo jaka zai koma da abarsa.

Ɗazu da yamma Auta ta shiga shirya gawa, ta ɗauko baƙar leda za ta saka ta. Sai aka ji muryar Ungozoma, ba ta bango ba, kai tsaye.

"Ke! A leda? Cire ta. A ƙirji za ki rungume ta, ki wuce gaba, ina bayanki."

"To, Mama," in ji Auta, tana share hawaye tana murmushi, don kwana uku ke nan tana jiran ko da tsawa ce.

Baduku ya ce warware wannan ɗinki ba aikin yini ɗaya ba ne, saboda haka Auta ta ɗage tafiyarta zuwa Laraba. Ungozoma ta ce ita ba ta roƙi kowa ya zauna ba. Amma an gan ta ta ƙara tafi ɗaya na shinkafa a tukunya.